Tabon da Na Zubar Sau Biyu

Abin da ya sa na rubuta wannan babi, maganar da 'yata Mariama ta yi ce ranar walimar gama karatunta na likita. Ta miƙe a gaban mutane ta ce ubanta ne malaminta na farko, wai shi ne ya gano ƙurji a cikin kan uwarta da idonsa kawai, a zamanin da babu na'urar kirki a ƙasar nan. Aka yi ta tafi, ni kuwa ina zaune ina gyaɗa kai kamar gaske. Daɗin yabo ya hana ni buɗe baki, ba zan ɓoye muku ba. Uwarku ce kaɗai ta juyo ta yi mini irin kallon nan nata da kuka sani, ta mayar da kai ta ci gaba da cin tuwonta. Tun ranar abin yake ci mini rai. To ku zauna ku ji yadda aka yi, ke Mariama da yayyenki, don kada in mutu ku ci gaba da kai godiya gidan da ba nata ba.

A lokacin ina aiki a ɗakin radiyo na gidan likita, wato inda ake ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji. Ni ba lokotoro ba ne, wato likita, ban ma kai majo mai yin allura ba. Aikina in tsayar da mutum gaban na'ura, in ce masa ya riƙe numfashi, in danna, sannan in shiga ɗakin duhu da fim ɗin in tsoma shi a ruwan magani, in ɗauraye, in rataye ya bushe, in kai wa lokotoro ya karanta. Iyakar ilimina ke nan. Amma ku zo ku ga yadda nake tafiya da farar rigar nan a cikin gari! Daga tsohuwar kasuwa har gindin hasumiya babu wanda bai san Illa Radiyo ba, kuma ni ma ban bar kowa ya manta ba. Idan tsoho ya tambaye ni me na gani a ƙirjinsa, sai in yi gyaran murya in yi masa Faransanci biyu uku, ya tafi yana sa mini albarka. Allah ya yafe mini.

Shekarar kuwa ita ce ta babban fari na biyu, sojoji na mulki. Damina ta zo ta wuce, koramar Telwa ba ta kawo ko ɗigon ruwa ba. Makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka sauko suka kafa 'yan rumfuna a bakin gari, mutanen da a da suke da raƙuma garke-garke suna bin layin jar dawa ta agaji da ƙwarya a hannu. Komai sai da takarda, takardar ma sai da hatimi. Fim daga Yamai, babban birni, yake zuwa mana, kuma a shekarar sai a yi wata da watanni mota ba ta kawo ko kwali ɗaya ba. Lokotoro ya kafa doka cewa ba a ɗaukar hoto sai da sa hannunsa. Ga kuma matsalar ruwa. Famfo ya ƙafe, sai abin da mai ga-ruwa ya kawo daga rijiyar da ta kusa ƙarewa, ja wur, da ƙasa a ciki. Da shi nake ɗauraye fim, a ɗakin da zafi ke narkar da mutum. Saboda haka hotunanmu suka cika da tabo, wani kamar ɗigon hawaye, wani kamar sawun yatsa. Na saba da su har idona ya daina tsayawa a kansu. Duk abin da na gani wanda ba ƙashi ba, sai in ce ruwa ne, kuma galibi ruwan ne. Idan tabon ya yi yawa ba na ma kai wa lokotoro, don kada ya yi mini faɗa. Sai in jefa fim ɗin a kwandon ɓatattu in ce masa bai fito ba.

Ɓatattun nan ba a zubar da su. Kakarku Tamo, uwar uwarku, ita nake kai wa. Ku manyan kun san ta da faɗa, kun san ta da sandar da take koran ku daga kan fatunta, Mariama kuwa ba ta san ta ba sai a bakinku. Aikin fata take yi tun tana budurwa: alabe, jaka, gidan laya, kube. Ita ta gano cewa idan aka yanka fim aka sa shi tsakanin fata biyu, alabe yakan tsaya ƙyam ba ya lanƙwashewa, kuma gara ba ta cin sa. Amma fa kada ku ɗauka hannu da hannu nake ba ta. Uwarku 'yar farinta ce, ni kuma surukinta, kuma Inna Tamo ta riƙe kunya irin ta mutanen da. Shekara tara da aurenmu ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban fuskata ba, ba mu taɓa zama a inuwa ɗaya ba. Idan ta hango ni a lungu sai ta juya ta fuskanci bango har in wuce. Idan dole ta ambace ni sai ta ce “mai gidan can”. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan shiga zaurenta in ajiye fim a kan wani dutse, in yi tari, in fita in tsaya a waje. Idan na koma sai in tarar fim ya tafi, ƙwaryar fura ta zauna a wurinsa. Ko a shekarar yunwar nan ƙwaryar ba ta taɓa fashi ba, sai dai furar ta tsinke. Wannan ita ce duk hirar da ke tsakanina da ita.

Uwarku Azara tana da ciwon kunnen hagu tun tana yarinya. Yakan yi ruwa, ta sa auduga, ya lafa, ya dawo. Mun saba da shi kamar yadda na saba da tabon fim. A tsakiyar bazarar shekarar sai kunnen ya bushe ƙaf. Muka yi murna, har na ce mata ai ko farin nan ya yi rana ɗaya. Bayan kamar sati biyu ciwon kai ya kama ta, irin wanda take riƙe kai da hannu biyu tana kiran sunan Allah. Sai amai, sai zazzaɓi mai zuwa yana tafiya. Muka ce rana ce, muka ce yunwa ce, don duk abin da aka samu ku take tura wa. Abin da ya tsorata ni shi ne ranar da ta so ta ce in miƙo mata ludayi. Ta dube shi, ta nuna shi, ta buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. Azara, wadda idan ta fara magana sai ka nemi wurin zama! Ta yi ta ƙoƙari har ta fashe da kuka. Ranar na kai ta gidan likita.

Lokotoronmu saurayi ne, bai daɗe da gama karatu ba, shi kaɗai a kan gari guda da duk mutanen rumfunan nan. Ya duba ta, ya lanƙwasa wuyanta ya ga ba sanƙarau ba ne, ya leƙa kunnen, ya ce in ɗauki hoton kan daga gefe ya ga ƙashin bayan kunne. Ba ta iya kwanciya saboda ciwon, sai na zaunar da ita a kujera na ɗauka. Da na ɗaga fim ɗin a ɗakin duhu sai ga wani baƙin tabo sama da kunne, kamar rabin ƙwai, samansa a zagaye, ƙasansa a miƙe. Na ja tsaki, na zagi mai ga-ruwa da rijiyarsa, na jefa shi a kwando. Washegari na roƙi lokotoro ya sake sa hannu. Ranar ta ƙara galabaita, kanta ya sunkuya gaba, ban iya miƙar da shi ba, na ɗauka a haka. Na wanke, na ɗaga, ga tabon kuma. Wallahi ban tsaya na tambayi kaina komai ba. Haushi ne kawai ya cika ni, da kunyar a ce Illa Radiyo ya ɓata fim biyu a kan matarsa. Na je na ce wa lokotoro wannan ma bai fito ba.

“To shi ke nan, Illa,” in ji shi. “Ba ni da na uku. Za mu ci gaba da allurar zazzaɓi mu ga abin da Allah zai yi.”

Gaskiya ya faɗa. Kwalinmu ya ƙare. Abin da ya rage a ɗakin duhu kwali ɗaya ne na bariki, wanda aka ajiye don sojoji, an naɗe shi da takarda an buga hatimi a baki. Ni ke da mabuɗin ɗakin, amma ko a mafarki ban taɓa tunanin taɓa shi ba.

Juma'a ta zo. Azara tana kwance a gidan likita kwana huɗu, tana barci fiye da farkawa. Ban san abin da ya kai ni ba, sabo ne kawai, tun da hantsi na kwashe abin da ke cikin kwando na kai zauren Inna, na ajiye a kan dutse, na yi tari. Ban ma tsaya shan fura ba, na koma aiki.

Rana ta take tsaka, ina cikin ɗakin duhu ina wanke kwanoni, sai na ji ana dukan ƙofa da tafin hannu. Na ce a dakata. Aka ƙara duka. Sai wata murya ta ce:

“Illa!”

Ban gane muryar ba. Ta yaya zan gane ta, ban taɓa jin ta daga kusa ba? Na buɗe a fusace, sai ga Inna Tamo tsaye, ba takalmi, mayafinta ya zame, almakashi yana rataye a wuyanta, fim biyu a hannunta. Ta ratso gari tun daga unguwarsu a cikin wannan rana. Kuma tana dubana tsakiyar ido. Na durƙusa, na sunkuyar da kai.

“Tashi,” ta ce. “Yau babu wannan. Tashi ka duba. Wannan kan wa ne?”

Na ce, “Inna, ɓatattu ne.”

“Ban tambaye ka ba. Na ce kan wa ne? Ga zoben da na sa maƙeri ya liƙe mata a saman kunne tun ba ta yi wayo ba. Ni zan kasa gane shi?”

Haka ne kuwa. Kun san ɗan zoben azurfar nan na kunnen uwarku na dama, wanda ba ya cirewa. Ya fito fari tas a hotunan biyu. Inna ta ɗauko fim ɗin za ta yanka, ta ɗaga shi ga hasken ƙofa don ta ga inda ya fi kauri, kamar yadda take yi wa fata, sai ta ga zoben 'yarta. Ta ja ni zuwa bakin baranda inda rana take. Ta ɗora fim ɗaya a kan ɗaya, ta juya na sama a hankali da yatsu har zobe ya hau kan zobe, ƙeya ta hau kan ƙeya, daidai yadda take haɗa fuska biyu na alabe kafin ta ɗinke. Ta ɗaga su sama.

“Ka ce ɓatattu ne. Me ya ɓata su?”

“Ruwa, Inna. Ruwan wanki ne yake barin tabo.”

“Rana ɗaya ka wanke su?”

“A'a. Ɗaya Talata, ɗaya Laraba.”

“To wane irin ruwa ne wannan mai hankali, da zai ɗiga ranar Talata, ya dawo ranar Laraba ya nemi wurin da ya ɗiga jiya? Shekara nawa nake yanka tarkacen nan naka? Na san tabon ruwanka, ko'ina yake faɗawa. Wannan a wuri ɗaya yake zaune.”

Na duba. Tabo ya hau kan tabo, bai kuskure ba. Amma ba ta gama ba. Ta sa farcenta a ƙasan tabon, inda yake a miƙe.

“Dubi nan kuma. A wannan, layin ya tafi haka. A wancan, ya karkace. Me ya sa?”

Na ce a na biyun kanta ya sunkuya.

“Yawwa. Kai ya sunkuya, layi bai bi shi ba. Ɗauki ƙwarya da ruwa rabi ka karkata ta, ka ga ko ruwan zai karkata tare da ita. Ni ban yi lakwal ba, ban shiga aji ba, ban san sunan abin ba. Amma akwai abin da yake kwance a cikin kan yarinyar nan, kuma ruwa-ruwa ne. Je ka kira mai ilimin.”

Ban je wurin lokotoro ba tukuna, kuma a nan ne kawai zan ce na yi wani abu da kaina. Na san idan na kai masa fim biyu da na riga na ce masa sun ɓaci, masu ƙura da sawun yatsu, zai yi shakka, kuma ba a buɗe kan mutum a kan shakka. Ana bukatar na uku, mai tsabta, wanda aka ɗauka da niyya. Na koma ɗakin duhu na tsaya a gaban kwalin bariki. Na san abin da ake yi wa wanda ya karya hatimi a zamanin nan. Na tuna farar rigata, na tuna ku manyan biyu da kuke gida, na tuna layin jar dawa. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban yi jinkiri ba, na yi. Sai na ji Inna a waje tana ce wa wata ma'aikaciya, “Yana ciki, yanzu zai fito.” Na sa babban yatsa na tsaga takardar.

Muka ɗauko Azara a gadon turawa. Wannan karon na kwantar da ita rigingine, fuskarta na duban sama, na kawo na'urar ta gefe. Idan tabon ruwan wanki ne, ba zai dawo ba. Idan kuwa maganar Inna ce, layin zai juya gaba ɗaya ya kwanta daidai da gado. Ruwan shan da na zo da shi daga gida a gora, wanda aka tace da ƙyalle, da shi na ɗauraye fim ɗin. Na fito da shi yana ɗiga. Ga tabon a wurinsa sama da kunne, ga layin ya juya ya kwanta daidai da gado.

Lokotoro ya jera ukun a jikin taga. Sannan ya yi mana bayani da Hausarsa ta mutanen yamma, don Inna ta ji. Ya ce ciwon kunnen ne ya ci ƙashi ya shige ciki. Ranar da muka yi murna kunne ya bushe, ranar ce mugunya ta daina fitowa waje ta koma taruwa a ƙwaƙwalwa, ta zama ƙurji. Irin wannan ƙurjin, in ji shi, yawancinsa ba ya fitowa a hotonmu ko kaɗan, sai dai a yi ta zato har mutum ya tafi. Amma wani lokaci mugunyar takan kumbura ta tara iska a samanta, kamar furar da ta kwana a rufe. Iskar ce baƙin da muke gani, mugunyar tana ƙasa, layin kuma iyakarsu ce. Ya ce a littafi kawai ya taɓa ganin haka. Ya juyo gare ni.

“Kai ka gano wannan, Illa?”

Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta ja mayafi ta rufe fuska. Na buɗe baki, sai ta yi gyaran murya, ta juya ta fuskanci bango. Na gane ba ta so a ambace ta a gaban maza. Na yi shiru, lokotoro ya dafa kafaɗata, ƙaryar ta fara daga nan. Sai dai ita kunya ce ta sa ta yi shiru, ni kuwa daga baya daɗi ne ya sa na ci gaba.

Sai lokotoro ya lura da alamar da ke gefen fim na uku, ya gane daga kwalin da ya fito. Ya dafe kai. Ya ce ba shi da ikon ɓoyewa, kuma ko ya so ba zai yiwu ba, don aikin da Azara take bukata sai a Arlit, inda akwai mai fiɗa da kayan aiki, motar marasa lafiya kuma ba ta motsawa sai da takardar man mota daga bariki. Muka tafi tare da la'asar, shi da ni da fim ɗin. Hafsan da muka tarar dogo ne, ba ya dariya. Lokotoro ya yi masa bayani da Faransanci, ya roƙa mini. Hafsan ya ɗaga fim ɗin ga taga ya juya shi sama da ƙasa, na tabbata bai ga komai ba.

“Matarka ce?”

“Ita ce, ranka ya daɗe.”

“Ka san hatimin wa ka karya?”

“Na sani.”

Ya jawo takarda biyu. Ya sa hannu a ta farko ya miƙa wa lokotoro, ta man mota ce. Ya sa hannu a ta biyu ya miƙo mini.

“Matarka za ta tafi yau. Kai kuma ka ajiye musu rigarsu da mabuɗinsu. Idan na bar ka, gobe kowa ya karya nasa.”

Shekara goma sha ɗaya na aiki suka tafi a layi uku, da kuɗin tsufan da ake ba ma'aikaci, da sunan Illa Radiyo. Na yi baƙin ciki, na daɗe ina yi. Amma mutumin nan yana da ikon kulle ni, yana da ikon hana man, bai yi ko ɗaya ba. Ban san sunansa ba, ban san inda ya ƙare ba, har yau ina sa shi a addu'a.

Mai fiɗa na Arlit ya dubi fim na ukun ya auna da ɗan ma'auninsa, ya aske gefen kanta, ya huda ƙashin daidai wurin. Ya ce mugunyar da ta fito ta cika finjalin shayi biyu, kuma da an ƙara kwana biyu da ba a kawo ta ba. Ta yi sati shida ana yi mata allura. A kwana na biyar ina ba ta kunu, ta ture hannuna ta ce, “Malam, wannan ludayin ai na miya ne.” Na ajiye kwanon na fita waje na yi kuka kamar yaro. Kunnen hagu dai ya tafi, shi ya sa kuke zagayawa dama idan za ku roƙe ta wani abu.

Sauran kun sani. Da muka dawo na ari na'urar hoto na kafa rumfa a bakin kasuwa, ina ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na amare. Mun sha wuya shekara biyu, har damina ta dawo. Da rumfar nan na ciyar da ku. Ku kuna cewa na bar aikin gwamnati don ina son zaman kaina, to yau kun ji, kora ta aka yi. Ke kuma Mariama, bayan shekara shida da wannan aka haife ki. Ki lissafa da kanki inda za ki kasance da almakashin kakarki ya riga idonta.

Kwanakin baya kin nuna mini hoton na'urarku ta yanzu, wadda take yanka kai fala-fala ba tare da wuƙa ba. Kin nuna mini yadda ƙurjin yake fitowa, farin zobe da duhu a tsakiya, da kumburi kewaye da shi, kin ce wani lokaci yakan yi kama da wani ciwon dabam, sai an haɗa da labarin mara lafiya. Na yi murna ƙwarai da Allah ya nuna mini wannan zamani. Abin da zan ƙara miki ɗaya ne, kuma ba nawa ba ne: abin da ya dawo wuri ɗaya sau biyu, kada ki ce datti ne don kin gaji.

Juma'ar farko bayan dawowarmu na tafi zauren Inna. Ba ni da fim da zan ajiye, hannu biyu na je. Na yi tari. Na daɗe da shirya maganar da zan yi, tun daga Arlit nake maimaita ta. Na ji motsinta a bayan bango, na durƙusa na fuskanci bangon na fara:

“Inna, na zo in yi…”

Sai na ji ta ɗaga murya tana yi wa akuyarta magana, akuya ɗaya da fari ya bar mata.

“Ke, tafi can! A gaya wa mai gidan can fura tana kan dutse. A kuma gaya masa ya riƙa duba abu kafin ya zubar.”

Kunya ta koma wurinta, ƙofar da ta buɗu rana ɗaya ta rufe. A gefen ƙwaryar na tarar da sabon alabe, ja da kore, ɗinkin hannunta. Shi ne wannan da kuke yi mini dariya a kansa, kuna cewa in jefar ku saya mini na zamani. Ta rayu shekara huɗu bayan haka, ba ta sake duban fuskata ba, ba ta sake kiran sunana ba, ni kuma ban sami bakin yi mata godiya ba har aka kai ta.

Bara ɗinkin gefen alaben ya farke. Na zauna zan gyara, sai abin da ke tsakanin fatun ya leƙo. Na jawo shi, guda biyu ne, an yanka su daidai da juna. Na ɗaga su ga rana. Ga zoben uwarku, ga tabon. Ashe shekara da shekaru ina yawo da su a aljihun ƙirjina, ina karɓar yabo a kansu.

Na kai wa uwarku na nuna mata. Ta duba, ta duba, ta goge ido da bakin zane, ta ce, “Sai yanzu ka buɗe? Ai ni ta gaya mini tun ranar da ta ɗinke shi.”

Alaben yana ƙarƙashin matashina. Mariama, naki ne. Ki rataye su a ɗakin aikinki inda haske yake, kuma duk wanda ya tambaye ki wa ya koya miki karanta hoto, ki faɗi sunanta da ƙarfi. Sunanta Tamo. Ni ban taɓa faɗinsa da bakina ba, sai yau da na rubuta shi.